Waƙar Ɗan Shekara Goma Sha Biyar da Maganar Auren 'Ya'yanmu a Abuja

 Yau zan ɗan kauce wa maganar haya da ruwa da kuɗin mota da muka saba tattaunawa, in yi magana a kan waƙa. Waƙar ma ta Turawa ce, tsohuwa, wadda ta girmi yawancinmu. Kada mai karatu ya yi saurin tsaki. In ya yi haƙuri zai ga inda ta haɗu da abin da ke damun gidajenmu a garin nan, wato yadda muke karɓar yaro ko yarinya ran da suka zo suka ce sun ga wanda suke so.

Sunan waƙar Diana, kuma wanda ya yi ta shi ne Paul Anka. An haife shi ranar 30 ga watan Yuli na shekarar 1941 a birnin Ottawa na ƙasar Kanada. Iyayensa baƙi ne a ƙasar, mahaifinsa asalinsa mutumin Siriya ne, mahaifiyarsa kuma daga Labanon, wato dai irin mutanen da muke kira Kwara a Kano da Gusau. Gidan sayar da abinci suke da shi. A cocin da 'yan ƙasarsu ke taruwa yake ganin wata yarinya mai suna Diana wadda ta girme shi da 'yan shekaru, ya kamu da sonta, ita kuwa kallon ƙane take yi masa. Sai ya zauna ya tsara waƙa yana roƙonta kada ta saurari masu maganar bambancin shekaru, ta tsaya tare da shi. A shekarar 1957, yana ɗan shekara 15, ya tafi birnin New York da dala 100, ya rera ta a gaban wani mai tsara kiɗa da ake kira Don Costa na kamfanin ABC-Paramount. Kafin shekarar ta ƙare waƙar ta game duniya. A Ingila kaɗai mako tara ta yi tana kan gaba a jerin waƙoƙin da aka fi saye, an kuma sayar da miliyoyin faifanta.

Akwai dalilin da ya sa yaro ƙarami ya samu irin wannan karɓuwa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu arziki ya bunƙasa a Amurka, matasa suka fara samun kuɗin kashewa a aljihunsu. A 1949 kamfanin RCA Victor ya fito da ƙaramin faifai mai araha wanda ke ɗaukar waƙa ɗaya a kowane gefe, sannan a 1954 ƙaramar rediyo mai batir ta shigo kasuwa, yadda yaro zai saurari abin da yake so a ɗakinsa ba tare da ya jira babbar rediyon falo ba. A daidai lokacin ne kiɗan Rock and Roll ya ɓullo, iyaye da malaman coci suka yi masa ca, suna cewa zai lalata tarbiyya. Har ta kai a watan Janairun 1957 da Elvis Presley ya fito a shirin talabijin na Ed Sullivan, daga ƙugu zuwa sama kawai aka nuna shi saboda irin rawarsa. Ganin haka sai kamfanonin faifai suka koma neman samari masu kunya, masu sa kwat da gyaran gashi, waɗanda uwa za ta gani ba ta ɗaga murya ba, irin su Ricky Nelson da Frankie Avalon da shi Paul Anka ɗin. Abin da suke rerawa kusan ɗaya ne: ina sonki, ba zan canza ba, manya ba su fahimce mu ba. A 1960 ma Anka ya sake yin wata mai suna Puppy Love, wato soyayyar 'yan kwikwiyo, wadda gaba ɗayanta kukan yaro ne a kan manya sun raina son da yake yi sun ce shirme ne na ƙuruciya.

Ni kuwa a Zariya na san wannan waƙa, a gidan kawuna, ƙanen mahaifiyata, wanda na zauna a hannunsa na yi firamare a shekarun 1970. Mu mutanen Gusau ne, shi kuma ma'aikacin reluwe ne. Yana da garmaho irin wanda ake wanawa da hannu, da faifai kusan ashirin a cikin akwatin katako, yawancinsu na Shata da Ɗanƙwairo da na Indiya, sai guda ɗaya na Turanci da ya saya a Sabon Gari tun yana saurayi. Abokansa 'yan Zamfara sukan tsokane shi su ce ai mawaƙin nan namu ne, mutumin Anka ne Turawa suka sace shi yana ƙarami. Kawu yakan yi dariya ya ce to ku je ku gaya wa Sarkin Zamfara ya aika a dawo da shi. Mu yara mun ɗauka da gaske ne, har na taɓa yin musu da wani a makaranta a kan haka.

Sai da na girma mahaifiyata ta ba ni labarin abin da ke tsakanin kawu da faifan nan. Yana ɗan shekara 19 ya nemi wata yarinya a unguwarmu, ita ma tana sonsa, har an kai kayan na-gani-ina-so. Mahaifinta ya ce ba zai ba ɗan reluwe 'yarsa ba, mutumin da yau yana Ƙauran Namoda gobe yana Kafanchan, ba a san inda za a je gaishe ta ba in ta haihu. Ya ƙara da cewa son yara ne, wata uku zai wuce. Aka ba da ita ga wani ɗan kasuwa. Kawu bai yi rigima ba, bai kuma taɓa aika mata ko da saƙon gaisuwa ba, don matar wani ce. Neman canjin wurin aiki ya yi zuwa Minna, ya zauna shekara bakwai ba aure, ana ce masa tuzuru, kakarmu tana kuka tana cewa an yi masa asiri. Ana nan sai auren can ya mutu don kansa. Da ta gama idda ya aiko da magabatansa, wannan karon tsohon bai ce komai ba. Aka ɗaura a 1967. Ita ce matar da muka taso muna kira Inna, wadda ta yi mini wanka ta raka ni makaranta. Shekara 42 suka yi tare har Allah Ya karɓi ransa a 2009. Inna ba ta jin Turanci ko kalma ɗaya, amma in aka sa faifan nan takan bar abin da take yi ta shige ɗaki, mu kuwa ba mu san dalili ba.

To mai karatu, ga abin lura. Shi mai waƙar bai auri Diana ba. Ta auri wani, shi ma ya auri wata a 1963, suka haifi 'ya'ya mata biyar, auren ya rabu bayan shekaru sama da talatin. Ya ci gaba da sana'arsa, har shi ne ya rubuta wa Frank Sinatra baitocin Turanci na shahararriyar waƙarsa My Way ta 1969. Son da ya yi yana ɗan shekara 15 ya zama tarihi da kuɗin faifai. Amma wani ɗan reluwe a Arewacin Najeriya, wanda ya ji waƙar a garmaho, ya riƙe nasa har kabari. Shekarunsu kusan ɗaya, kalaman da suke ji a zuci iri ɗaya. Da a ce an tsayar da su biyun a 1959 aka ce wani dattijo ya nuna wanda zai ɗore, da me zai gane? Shekaru ba za su gaya masa ba, zaƙin baki ma haka. Sai dai in ya zauna ya binciki halin kowannensu.

Wannan ba baƙon abu ba ne a addininmu. Malamai suna karantar da mu ƙissar Mugisu da Barira da ke cikin Bukhari. Da aka 'yanta Barira aka ba ta zaɓi, sai ta zaɓi rabuwa da mijinta Mugisu, shi kuwa ya riƙa bin ta a titunan Madina yana kuka hawaye na jiƙa gemunsa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai yi masa dariya ba, bai kuma ce shirme yake yi ba. Ya je ya nema masa alfarma a wurinta. Da ta fahimci cewa alfarma ce ba umarni ba, ta ce ba ta da bukata, aka kuma bar ta a kan ra'ayinta. Darasi biyu nake gani a nan, an girmama son da namijin yake yi, an kuma girmama ƙin da macen ta yi.

Haka kuma kada mu ɗauka Turawa ne suka koya mana waƙar soyayya. Iyayenmu mata sun yi nasu a dandali da gaɗa. Haruna Uji na Haɗeja ya ɗauki gurminsa ya yi wa Balaraba waƙar da direbobi suka yi ta sa wa a mota. Mu da muka yi samartaka a shekarun 1980 mun aika wa rediyo katin zaɓi-sonka, mun haddace waƙoƙin Indiya da ba mu san ma'anarsu ba. A farkon shekarun 1990 ƙannenmu suka ɓoye littafin In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino a ƙarƙashin filo. A 1999 fim ɗin Sangaya ya fito, waƙarsa ta cika gidajen biki. A 2020, lokacin kullen korona, Jaruma ta Hamisu Breaker ta shiga kowace waya. Kowane zamani manya sun ce wannan ce za ta kashe tarbiyya, kuma yaran da suka saurara su ne suka girma suka faɗi haka a kan ta gaba. Ba ina cewa duk waƙa lafiya ce ba, akwai waɗanda ni ma ba na yarda a sa a gidana. Abin da nake cewa shi ne yaro ba ya koyon so daga waƙa, yana samun bakin faɗin abin da ya riga ya ji ne kawai.

Yanzu bari in dawo Abuja, inda matsalar take. A gida, in yaro ya fara zuwa zance ƙofar gidanku, kafin ya yi zuwa na uku an san kakansa. A zaure zai zauna, ƙannen yarinya suna shiga suna fita, tsohuwar maƙwabta tana leƙe ta katanga. Mai unguwa ya san gidansu, liman shi ya raɗa masa suna. Bincike ba aiki ba ne, domin garin ne gaba ɗaya ya riga ya yi maka shi. A nan fa? An ƙirƙiri Babban Birnin Tarayya a watan Fabrairun 1976 zamanin Janar Murtala Muhammad, gwamnati ta taso daga Legas ranar 12 ga Disambar 1991. In ka cire Gwarawa da sauran 'yan asalin wurin, da tsofaffin zuri'ar Hausawa irin na Suleja da ƙauyen Garki, dukkanmu zuwa muka yi. Ni a 1992 na biyo ma'aikatarmu. Wani ya zo leburanci lokacin da ake gina sakatariya, wani ya zo da buhun albasa, wani ya zo gadi. Gidajen da muke haya ba su da zaure. Maƙwabcinka na dama Ibo ne, na hagu Tibi, wanda kuke sallah sahu ɗaya shekara biyar ba ka san garinsu ba. Ga shi kuma rusau ya sha warwatsa unguwanni, wanda ka sani a Karmo kafin 2006 sai ka neme shi ka rasa. Yaranmu da aka haifa a nan suna haɗuwa a Islamiyya, a makaranta, a cikin motar Kubwa zuwa Wuse, a waya. Ran da magana ta iso kunnen uba, sai ya ga bai san ta inda zai fara ba. Hanya mafi sauƙi ita ce ya ce son yara ne, zai wuce, ya tura yarinya gida a haɗa ta da ɗan wansa. Na ga an yi haka a gidaje da yawa, na kuma ga wasu sun dawo da jariri a baya da takardar saki kafin shekara biyu.

Abin ya zo kaina bara. Autata, wadda aka haifa a Kubwa, tana da shekara 20, tana karatu a Gwagwalada. Mahaifiyarta ce ta same ni da maganar bayan sallar isha'i, ta ce akwai yaron da suka san juna tun suna Islamiyya, shekara shida kenan, yanzu yana so ya turo. Na kira yarinyar, ta durƙusa can bakin ƙofa kanta a ƙasa. Na ce, “Auta, ɗan wane ne?” Ta ce, “Baba, babansa ya rasu. A Dei-Dei suke, yana tsaron shagon kayan gini.” Na ce mutanen ina ne, ta ce Maraɗi. Daga nan ba ta ƙara cewa komai ba sai hawaye.

Da labari ya kai Gusau, yayana ya kira ni. Ya ce, “Yanzu kai 'yarka za ka ba wanda ba a san tushensa ba? Ga ɗanka nan ya gama hidimar ƙasa, gida bai ƙoshi ba za a kai wa dawa?” Na ce, “Yaya, ban ba kowa ba tukuna. Ka ba ni lokaci in bincika, abin da na gani zan kawo maka.” Ya ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Na ce gaskiya ne Yaya, shi ya sa nake so in je in hango ɗin. A raina kuwa mahaifin Inna nake tunawa, wanda shi ma babba ne, ya kuma ce wata uku.

Wata huɗu na yi ina wannan aiki. Na fara da masallacin da yaron ke sallah, na je asuba sau uku ba tare da ya san zan zo ba, sau biyu na same shi a sahu, na ukun aka ce ya kwana asibiti da mahaifiyarsa. Na zauna da limamin, wanda ya san mahaifinsa tun suna Karmo, ya gaya mini cewa birkila ne da ya zo a shekarun 1980 ya yi aiki a gine-ginen Garki da Wuse, ya rasu bayan sun komo Dei-Dei. Na je kasuwa na sami ubangidansa, na tambaye shi abu ɗaya, ko ya taɓa barin masa shago ya yi tafiya. Ya ce har Umara ya je ya bar masa makulli, ya dawo lissafi bai yi giɓin naira ɗaya ba. Na nemi waɗanda suke binsa bashi da waɗanda yake bi, domin a nan ake sanin mutum. Na sa mai ɗakina ta ziyarci mahaifiyarsa ba sanarwa, ta ga yadda yake yi mata magana da yadda yake da ƙannensa mata. Daga ƙarshe na je wurin shugaban mutanen Nijar na yankin, ya haɗa ni da wani direba mai zuwa Maraɗi ta Jibiya, na ba shi kuɗin mota da na goro ya je ƙauyensu ya gano mini baffanninsa. Suna nan, manoma ne, an san gidansu.

Ban same shi ba aibi ba. Yana da saurin fushi in an taɓa shi a ciniki, karatun bokonsa kuma a sakandare ya tsaya. Na kira shi na gaya masa duka biyun a gaban ubangidansa. Na ce, “Ɗan nan, 'yata za ta gama karatunta, ko kafin aure ko bayansa, wannan ba abin tattaunawa ba ne.” Ya ce, “Baba, na yarda, a rubuta.” Aka rubuta, shaidu suka sa hannu. Na hau mota na je Gusau na zayyana wa Yaya komai. Ya yi shiru, sannan ya ce shi dai ransa bai kwanta ba, amma ba zai hana ba, kuma shi zai karɓi waliccin. An yi baiko bayan babbar sallah. Har yanzu in mun yi waya gaisuwarsa a taƙaice take, ina kuma fatan lokaci zai gyara. Ko auren zai zama irin na kawu da Inna, wannan ilimin yana wurin Allah. Abin da ke wuyana shi ne in bincika, na kuma yi iyakar ƙoƙarina.

Shawarata ga 'yan uwa mazauna garin nan ita ce, tunda ba mu taho da zaure da mai unguwa a cikin kayanmu ba, to mu yi amfani da abin da muke da shi. Muna da limamai, muna da sarakunan Hausawa a unguwanni, muna da ƙungiyoyin 'yan gari da na 'yan kasuwa, muna da direbobin da ke zuwa kowane lungu na Arewa da Nijar daga tashar Zuba da Jabi. Waɗannan ƙungiyoyi da muke tarawa don kai gawa gida da karɓar baƙi, me zai hana su ɗauki binciken aure a matsayin aikinsu, yadda uba zai je ya ce ga yaro daga gari kaza, a taimaka mini da wanda ya san gidansu? Sannan mu buɗe ƙofa yaro ya zo gida a gan shi, ko da a baranda ne, ya fi a ce suna haɗuwa a bakin tafkin Jabi ba wanda ya sani. In bincike ya nuna ba shi da hali, a gaya wa yarinya dalili ƙarara da hujja, za ta fi saurin haƙura a kan a ce mata kawai yarinya ce ba ta san komai ba. In kuma ita ce ba ta so, ko ɗan wa ne, a tuna da Barira.

Faifan kawu yana wurin Inna a Zariya har yau, garmahon ya daɗe da lalacewa. Na yi niyyar in na je sanar da ita ranar biki zan tafi da Auta, ta ji labarin shekara bakwai ɗin nan daga bakin mai shi, domin ta san cewa riƙon alkawari ya fi faɗinsa wuya.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya haɗa su da abokan zama na gari, Ya jiƙan magabatanmu. Sai mun sake haɗuwa in Allah Ya kai mu. Wassalam.